Manyan Kayan da Mai Sayar da Gida Ke Son Bar Maka: Tambayoyi da Amsoshi

Da wuya a yi cinikin gidan da aka daɗe ana zaune a cikinsa ba a zo kan maganar wani ƙaton kaya da mai gidan ke cewa zai bar wa mai saye ba: tsohon firiji, kabad ɗin da ya kusa taɓa rufi, janareta da ya daina tashi, ko rumfar ajiya a bayan gida. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu saye suka fi maimaitawa. Dokokin cinikin gida sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka duk inda magana ta taɓa shari'a, lauyan da ke riƙe da cinikinka shi ne zai faɗa maka yadda abin yake a wurinku.

1. Me ya sa masu sayar da gida suke yawan tayin barin manyan kaya?

Wasu da zuciya ɗaya suke yi, domin suna ganin kayan yana da sauran amfani kuma ba sa son ya salwanta. Amma a mafi yawan lokuta dalilin lissafi ne: fitar da babban kaya daga gida yana cin kuɗi da lokaci da ƙarfin mutane, kuma sabon gidan da mai sayarwa zai koma wataƙila ba shi da wurin ajiye shi. Idan ya bar maka, wahalar kwashewa ta tashi daga wuyansa ta koma naka. Wannan bai mai da shi mayaudari ba, sau da yawa shi kansa bai kalli abin ta wannan fuska ba, musamman idan kayan na iyayensa ne ko ya shaƙu da shi shekara da shekaru. Abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne, kalmar "kyauta" tana nufin ba za ka biya kuɗin mallakar kayan ba, amma ba ta ce komai a kan kuɗin rabuwa da shi ba.

2. Dole ne in karɓa?

Ba dole ba ne. Gida ka zo saye, kuma ƙa'idar da aka fi bi ita ce mai sayarwa ya miƙa gidan babu kowa a ciki, babu kuma kayan da za su hana sabon mai shi amfani da shi, sai dai in an amince da wani abu daban a rubuce. A Ingila akwai wata sananniyar shari'a ta 1946, tsakanin kamfanin Cumberland Consolidated Holdings da wani mai suna Ireland, inda aka bar tarin shara, har da buhunan siminti da suka daskare, a ɗakunan ƙarƙashin wani gini da aka sayar. Kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa mai sayarwa bai miƙa ginin a yashe ba kamar yadda ya ɗauki alkawari, kuma shi zai biya kuɗin kwashewa. Sai dai a lura, kotun ta yi magana ne a kan shirgin da ya hana amfani da wani babban sashe na ginin. Kujera ɗaya da aka manta a lungu ba za ta kai wannan matsayi ba, shi ya sa rubutun da aka bayyana a tambaya ta 5 ya fi dogara ga ƙa'ida ta gaba ɗaya.

3. Wane kaya ne ake ɗauka yana cikin gidan, wane ne kuma ba ya ciki?

Wannan ita ce tambayar da ta fi haddasa saɓani. Tsarin shari'a da yawa sun raba kayan gida gida biyu: abin da aka kafa a jikin gini har ya zama ɓangarensa, da abin da aka ajiye kawai. Na farkon yana bin gida idan an sayar, kamar ƙofofi, tagogi, bututun ruwa, wayoyin lantarki, bahon wanka da kabad ɗin da aka gina a jikin bango. Na biyun mallakar mai sayarwa ne, kuma shi ke da alhakin tafiya da shi, kamar gado, kujeru, firiji mai tsayuwa da kansa da injin wanki.

A tsarin shari'ar Ingila da ƙasashen da suka gaje shi, abu biyu ake dubawa, kuma shari'ar Holland da Hodgson ta 1872 tana cikin waɗanda suka kafa wannan ma'auni: yadda aka haɗa kayan da ginin, da kuma manufar haɗawar. Hoton da aka rataye da ƙusa don a ji daɗin kallonsa bai zama ɓangaren gini ba, amma tankin ruwan da aka haɗa da bututun gidan don inganta gidan kansa ya zama. Matsalar tana tsakiya ne, wurin rumfar da aka ɗora a kan daɓen siminti ba tare da an ɗaure ta ba, ko akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi da aka ɗaure da kusoshi a ƙasa, ko na'urar sanyaya ɗaki. Muhimmancin wannan ga mai saye shi ne, idan abin da ba ka so yana cikin rukunin farko, mai sayarwa ba shi da wajibcin cire shi, domin a idon shari'a ka saye shi tare da gidan. In kana son a cire, sai ka sa shi a matsayin sharaɗi tun kafin sa hannu.

4. Ta yaya zan ƙi ba tare da na ɓata ciniki ko na ci fuskar mai gida ba?

Ka ƙi da wuri, kuma ka ƙi a fili. Kuskuren da aka fi yi shi ne kawaici a ranar duba gida: mai gida ya nuna maka kayan yana yabonsa, kai kuma ka ce "ai kuwa yana da kyau" ko "za mu gani", shi kuwa ya tafi da fahimtar cewa ka karɓa. Magana zarar bunu ce, kuma irin wannan ƴar amsa ta ladabi ita ce ake tuna maka bayan wata biyu. Ya isa ka yi godiya, ka ce kana da naka kayan kuma kana buƙatar ɗakin a sake. Kada ka kushe kayan, domin babu ribar da za ka samu a wannan, kuma kada ka kawo uzurin da za a iya warware maka. Idan ka ce ba ka da masu ɗauka, za a ce ai ba sai an ɗauka ba, a bar shi inda yake.

Idan akwai dillali ko lauya a tsakani, ya fi sauƙi saƙon ya bi ta hannunsu. A ganina tsoron cewa ciniki zai rushe saboda an ƙi tsohon kabad tsoro ne da ya wuce kima, domin wanda ya samu mai saye a farashin da ya gamsu da shi ba zai saki cinikin saboda kuɗin mota da ƴan dako ba.

5. Me ya kamata a rubuta a cikin yarjejeniya?

Jeri biyu ake buƙata: abin da zai zauna, da abin da za a fitar. Na biyun ne ake yawan mantawa. Kowane babban kaya a ambace shi da sunansa da inda yake, har da wuraren da ido bai cika kaiwa ba, kamar saman silin, gareji, ɗakin ajiya, ƙarƙashin bene da bayan gida. A rubuta ranar da za a gama kwashewa, wadda ya kamata ta zo kafin ranar biyan ragowar kuɗi, a kuma rubuta abin da zai faru idan ranar ta wuce ba a kwashe ba. Hotuna masu kwanan wata da aka haɗa da jerin suna kashe gardama da yawa.

A Ingila da Wales akwai takarda ta musamman da ake kira TA10, wadda mai sayarwa ke cikewa ɗaki bayan ɗaki yana nuna abin da ya haɗa a ciniki da abin da bai haɗa ba, kuma takan zama ɓangaren yarjejeniya. Inda babu irin wannan takarda, babu abin da ya hana ɓangarorin biyu rubuta tasu su sa hannu. Alkawarin baki, ko da na mutumin kirki ne, yana da wuyar tabbatarwa bayan an rabu, kuma yarjejeniyoyi da dama suna ɗauke da sakin layin da ke cewa duk abin da ba a rubuta a cikinsu ba ba ya cikin ciniki.

6. Kayan ya ɗan burge ni. Ta yaya zan gane ko ya cancanci karɓa?

Ka tambayi kanka ko da a shago ka gan shi za ka cire kuɗi ka saya. In amsar a'a ce, to arahar ce ke jan ka, kuma araha ba ta ado. In amsar e ce, sai ka gwada shi yana aiki a gabanka, ka tambayi shekarunsa, ka bincika ko ana samun kayan gyaransa, sannan ka auna shi ka auna ƙofofi da matakalar da zai bi ranar da za ka so fitar da shi. Wasu manyan kabad da gadaje a cikin ɗakin aka harhaɗa su, wasu kuma an shigar da su ne kafin a ƙara wani gini ko a rage faɗin ƙofa, ta yadda ba za su fita ba sai an farfasa su.

Nauyi shi ne abin da mutane suka fi rainawa. Fiyano mai tsayuwa a jikin bango yakan kai kilo 200, mai shimfiɗaɗɗen jiki kuma yakan kai 300 zuwa 500, saboda ƙashinsa na zubin ƙarfe ne. Cikakken teburin sinuka, wanda shimfiɗarsa ta dutse ce, yana haura tan ɗaya, kuma sai an warware shi gunduwa-gunduwa kafin a motsa shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai cin lita 1,000 tan guda ne idan ya cika, abin da ya sa dole a duba ƙarfin abin da aka ɗora shi a kai. Irin waɗannan kaya ba aikin abokai biyu da ƙaramar mota ba ne, kuma wanda ya gwada hakan yana iya ƙarewa da ciwon baya ko fasasshen daɓe.

7. Akwai kayan da bai kamata a karɓa ba ko da kyauta ne?

Akwai, kuma a nan ne ya kamata mai saye ya fi tsayawa da ƙafafunsa. Na farko shi ne duk abin da ake zargin yana ɗauke da asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da ba ya cin wuta, wanda aka daɗe ana amfani da shi a kwanon rufi na siminti, silin, tsofaffin tankunan ruwa da rumfunan ajiya. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba haɗarinsa kaɗan ne, amma da an fasa shi ko an yanka, ƙurarsa tana shiga huhu ta haddasa cututtuka, har da sankara, waɗanda sukan ɗauki shekaru 20 zuwa 40 kafin su bayyana. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai kuma a 2005, amma yana nan jibge a tsofaffin gine-gine a ko'ina cikin duniya. Cire shi aikin ƙwararru ne, kuma yana da tsada.

Na biyu shi ne tankin mai, musamman wanda aka binne. Idan ya yi tsatsa ya zubar da mai a cikin ƙasa, a wurare da yawa wanda ya mallaki filin a lokacin da aka gano shi ne ake bi, ko da ba shi ya binne ba. Na uku tsofaffin firiji da na'urorin sanyaya ɗaki: waɗanda suka tsufa sosai suna iya ɗauke da iskar sanyi irin wadda Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina ƙerawa saboda tana lalata rufin ozon, wato shimfiɗar iskar da ke sararin sama mai kare duniya daga haskoki masu cutarwa na rana, sababbi da yawa kuma suna amfani da iskar da ke kama wuta, shi ya sa ba a fasa bututunsu da ganganci. Firijin da aka yasar kuma tarko ne ga yara masu wasan ɓuya. Mutuwar yara a cikin irinsa ce ta sa Amurka ta yi doka a 1956 cewa dole ƙofar firiji ta buɗu daga ciki, kuma har yau shawarar da ake bayarwa ita ce a cire ƙofar duk firijin da aka daina amfani da shi.

Sai tukwanen gas, baturan mota da na wutar sola, gwangwanayen fenti da magungunan ƙwari, waɗanda ba a zuba su cikin shara ta yau da kullum. Katifa da kujerun laushi ma ina ba da shawarar a ƙi su, domin kuɗin cizo yana iya yin watanni a ɓoye bai sha jini ba, katako kuma yana iya shigo maka da gara.

8. Mai sayarwa yana son in biya kuɗin kayan daban. Yaya zan yi?

Ka ɗauke shi a matsayin ciniki na biyu wanda bai da alaƙa da na gidan. Ka yi masa kuɗi bisa abin da irinsa na hannu ke yi a yau, kada ka bi abin da mai shi ya kashe lokacin da ya saya, kuma ka tuna cewa idan ka ƙi, shi ne zai biya a fitar. Idan kun daidaita, a rubuta kuɗin kayan a takarda daban. Bankunan da ke ba da bashin sayen gida a kan darajar ginin da filin suke ba da bashi, ba sa lissafa kujeru da firiji, kuma a ƙasashen da ake biyan haraji a kan cinikin gida, irin su Ingila, harajin bai shafi kayan da ake ɗauka ba, amma hukuma tana sa ran rabon ya zama na gaskiya. Kumbura kuɗin kaya don a rage haraji laifi ne. Kafin ka biya kuma, ka koma tambaya ta 3, kada a sayar maka da abin da tuni yake cikin kuɗin gidan.

9. Ya ce zai rage min kuɗi in kwashe da kaina. In yarda?

Za ka iya yarda, amma bayan ka samu farashin aikin daga masu kwashe kaya da suka zo suka gani da idonsu, biyu ko uku, kuma ka ƙara wani abu a kai saboda abin da zai ɓullo idan an fara ɗagawa. Ragin da aka yi da ka a tsaye a tsakar gida kusan kullum yana gaza kuɗin aikin. Idan kayan yana cikin waɗanda aka ambata a tambaya ta 7, kada ka yarda da ragi sai ƙwararre ya duba ya ba da farashi a rubuce.

Wata hanyar ita ce a riƙe wani kaso na kuɗin gidan a hannun lauya ko wani amintaccen da kuka yarda da shi, a sake shi ga mai sayarwa idan ya kwashe a kan lokaci, in kuwa bai kwashe ba a biya masu aiki daga ciki. Wannan sai da amincewar ɓangarorin biyu a rubuce. Mai saye ba ya da hurumin rage kuɗi da kansa a ranar biya, domin yin hakan zai iya sa shi ya zama wanda ya karya yarjejeniya.

10. Yaushe ne ya fi dacewa in sake duba gidan?

Kwana ɗaya kafin biyan ragowar kuɗi, ko da safiyar ranar, bayan mai sayarwa ya gama kwashe kayansa. Ka je da jerin da kuka sa wa hannu, ka buɗe kowace ƙofa, ka leƙa silin da bayan gida, ka ɗauki hotuna. Ƙarfin mai saye yana hannunsa ne muddin kuɗi bai fita ba, kuma da zarar an biya an miƙa makulli, abin da ya rage shi ne roƙo ko ƙara.

11. Na karɓi makulli na tarar da kaya jibge. Zan iya zubar da su nan take?

Ka dakata tukuna. Kasancewar kaya a cikin gidanka bai mai da shi naka ba, kuma wanda ya zubar ko ya sayar da kayan wani ba da izini ba yana iya samun kansa ana neman diyya a wurinsa. Abin yi shi ne ka ɗauki hoton komai kafin ka taɓa, ka rubuta jerinsu, ka aika wa mai sayarwa sanarwa a rubuce ta hannun lauya, ka ba shi wa'adi mai ma'ana ya zo ya ɗauka, ka kuma bayyana abin da za ka yi idan wa'adin ya cika. A Ingila wata doka ta 1977 ta tsara wannan hanya: bayan sanarwa ana iya sayar da kayan, a cire kuɗin da aka kashe, a miƙa wa mai shi ragowar. Wasu ƙasashe suna da nasu wa'adin, shi ya sa tambayar lauya kafin a ɗauki mataki take da muhimmanci.

Mafi sauƙin mafita ita ce mai sayarwa ya rubuto cewa ya yafe kayan, ka yi yadda ka ga dama da su. Ka adana rasit na duk abin da ka kashe wajen kwashewa, domin da shi za ka nemi a biya ka. Amma ka auna girman kuɗin da wahalar shari'a kafin ka shiga kotu. Takardun sirri, hotunan iyali da magunguna kuwa, ka ware su ka nemi hanyar mayar wa masu su ko da wa'adi ya wuce.

12. Ya roƙe ni in ajiye masa kayan na ƴan kwanaki bayan na tare. Akwai matsala?

Taimako ne mai kyau idan kana da wuri, sai dai "ƴan kwanaki" da ba a sa musu rana ba sukan zama watanni. A rubuta ranar ɗauka, da cewa ba kai ke da alhakin lalacewa ko sata ba, da kuma cewa bayan ranar kana da izinin rabuwa da kayan. Kada ka bar masa makulli saboda wannan, ya zo ya ɗauka kana nan. Idan gidan na magada ne, ka tabbatar wanda ke magana da kai yana da ikon yanke hukunci a kan kayan, domin abin da ɗaya ya ce ka zubar wani yana iya zuwa nemansa daga baya.

13. An cire kayan amma an lalata bango ko daɓe. Wa zai gyara?

Idan ɓarnar ta faru kafin a miƙa gida, a bisa ƙa'ida mai sayarwa ne, domin ana sa ran ya miƙa gidan a yanayin da yake lokacin da aka ƙulla ciniki. Ƙananan ramukan ƙusa ba a cika ɗaukar su a matsayin ɓarna ba, amma fasasshen tayil, karyayyar ƙofa, bututun da aka yanke ba a toshe ba ko wayar lantarki da aka bari tsirara, duk abubuwa ne da ya kamata a gyara. Saboda haka idan ka nemi a cire abin da aka kafa a jikin gini, ka ƙara a cikin rubutun tambaya ta 5 cewa za a gyara wurin, kuma duk abin da ya shafi gas ko lantarki ƙwararre ne zai cire.

14. Kayan ya riga ya zama nawa kuma ba na so. Ta ina zan fara?

Ka fara kafin ka shigo da naka kayan, lokacin da hanya take a buɗe. Abin da ke aiki ka sa shi a kasuwa a farashi mai sauƙi ko ka bayar, da sharaɗin mai so ya zo da motarsa da masu ɗauka, kuma ka faɗi nauyi da girma da adadin matakala a cikin sanarwar don kada a zo a kasa. Ƙungiyoyin agaji suna karɓar kayan ɗaki masu kyau, amma suna da ikon ƙin abin da ya lalace, kuma bai dace a mai da su juji ba. Abin da yake na ƙarfe, kamar mataccen janareta ko tsohon tanki da aka tabbatar babu mai a cikinsa, masu sayen tsofaffin ƙarafa sukan ɗauka har su biya wani abu.

Sauran sai ka tambayi hukumar tsaftar yankinka yadda take karɓar manyan kaya da kaya masu haɗari. Idan za ka ɗauki masu kwashewa, ka tambaye su inda za su kai, ka kuma karɓi rasit, domin a wasu ƙasashe idan aka jibge kayan a gefen hanya aka gano daga gidanka suka fito, kai ma ana iya cin ka tara. Kada ka ƙone katifa, roba ko katakon da aka shafa wa fenti ko maganin gara, saboda hayaƙinsu guba ne gare ka da maƙwabtanka.